Yadda Ake Tsabtace Agogon Kwalba da Tsoffin Na'urorin Lantarki Bayan Hayaƙin Gobara

Agogon kwalba shi ne wanda yake nuna lokaci da lambobi masu jan haske a cikin ƙananan kwalaben gilashi da ake kira Nixie, waɗanda kamfanin Burroughs na Amurka ya fitar a 1955, daga baya kuma masana'antun Tarayyar Sobiyet suka ƙera ire-irensu masu yawa, kamar IN-12 da IN-14. Iskar niyon ce a cikin kwalbar, kuma tana bukatar wuta mai ƙarfin kimanin bolt 170 kafin ta kama. Idan irin wannan agogo, ko tsohuwar rediyo mai bawul (kwalaben gilashi da aka zuƙe iskar cikinsu, masu sarrafa wutar rediyon), ya tsira daga gobara amma ya sha hayaƙi, to babban abin da yake kashe shi shi ne gaggawar mai shi ta son ganin ko yana aiki.

Saboda haka kada a jona shi da wuta ko da na ɗan lokaci ne. Kunkunniyar da ta kwanta a kan fanel, wato allon da aka liƙa kayan lantarkin a kansa, gawayi ce, tana ba wuta hanya, kuma a ƙarfin wuta irin wannan tana iya haɗa layuka biyu ta ƙone abin da gobara ta bari. Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani: robar PVC da take lulluɓe wayoyi, idan ta ƙone, tana fitar da iskar da take zama asid da zarar ta gamu da laima, sai ta riƙa cin tagulla da dalma a hankali. Don haka a kai na'urar wuri busasshe tun ranar farko, a fara aikin cikin 'yan kwanaki.

Kafin a sa hannu a ciki, a tuna cewa kafasita, wato ɓangaren da yake tara wuta, tana riƙe caji bayan an cire filogi. A sauke cajin ta hanyar resista, wato ɓangaren da yake rage gudun wuta, sannan a auna da mita a tabbatar. Wanda bai saba da wannan ba, gara ya miƙa wa mai gyara. A sa safar hannu da takunkumi, a ɗauki hoton kowane ɓangare, domin a san mazaunin kowace kwalba da kowace waya.

Ƙa'idar sharar ita ce busasshe kafin jiƙaƙƙe. Kunkunniya tana da maiƙo, idan aka fara da jiƙaƙƙen tsumma sai ta dame ta shige cikin katako da ramukan soket, inda ba za ta sake fita ba. A ɗaga ta da burushi mai laushi, ana riƙe da bakin injin zuƙe ƙura a kusa ba tare da ya taɓa komai ba. Bayan haka ne za a wanke fanel da sifirit na isofurofil mai ƙarfin kashi 99 cikin ɗari, ana gogawa da ƙaramin burushi, ana tsane dattin da farin ƙyalle, har sai ƙyallen ya daina yin baƙi. Taransifoma da lasifika ba a jiƙa su, shafa kawai ake yi musu daga waje.

Kwalaben su ne suka fi bukatar haƙuri, domin samun madadinsu yana ƙara wuya. A riƙe kwalba ta gindi a zare ta a miƙe, saboda lanƙwasa ƙafarta kusa da gilashi yana tsaga wurin da aka toshe, iskar ta tsere, kwalbar ta mutu har abada. Wadda aka liƙe da dalma a kan fanel, a bar ta a wurinta. A goge gilashin da auduga mai ɗan danshi, amma a kauce wa rubutun da ke jikinta, domin shafa ɗaya takan ɗauke shi, alhali shi ne shaidar nau'inta. Wasu kwalaben Nixie suna ɗauke da ɗan zaiba, don haka idan ɗaya ta fashe, a buɗe tagogi, kada kuma a zuƙe ɓaraguzan da inji. A bawul ɗin rediyo kuwa, a duba tabon nan mai ƙyalli kamar azurfa da ke ciki. In ya koma fari, iska ta shiga, bawul ɗin ya gama aiki.

Akwatin katako ana goge shi da busasshen soso na roba da ake yi don kunkunniya. Kada sifirit ya taɓa shi, domin yana narkar da tsohon banish na shalak. Gilashin rediyo da aka rubuta tashoshi a bayansa kuwa, ko ruwa kada ya taɓa gefen rubutun. Wari yakan daɗe, kuma a ganina turare ɓata lokaci ne. Abin da ya fi shi ne a rufe akwatin a wuri ɗaya tare da gawayi mai tsotse wari na wasu makonni.

A bar komai ya bushe na aƙalla kwana biyu, a sauya wayar wuta da duk kafasitar takarda ko wadda ta kumbura, a duba fis. Kunnawar farko a yi ta ta cikin ƙwan fitila mai zare da aka jera a layi ɗaya da na'urar. Idan ƙwan ya haska da ƙarfi ya tsaya haka, akwai inda wuta take haɗewa, sai a kashe nan take a koma bincike. Idan ya ɗan haska ya dushe, a bar na'urar ta yi aiki na ɗan lokaci ana kallonta, ana kuma sansana ko wani abu yana ƙauri.