Yadda zaka ɗau alwashin rage tumbi a sabuwar shekara kuma ya kai ka har Disamba

Duk ƙarshen Disamba sai kaji mutum yana cewa wallahi bana kam sai na sauke tumbin nan, ya sayo kambas sabo dal, ya biya kuɗin jim na wata uku, kwana biyar ana ganinsa yana haki a bakin titi da asuba, daga nan shiru kake ji. Ni ma nayi, kambas ɗin yana nan ƙarƙashin gado ya sha ƙura. Wasu suna cewa ai alwashin sabuwar shekara ɓata lokaci ne kawai, ni dai ban yarda ba, alwashin yana da amfani, yadda muke ɗaukarsa ne bai yi ba.

Farko dai ka daina alwashin "zan rame". Ramewa ba aiki bane da zaka tashi da safe kayi shi, sakamako ne. Ka zaɓi abu ɗaya tak da hannunka zai iya yi yau ɗin nan, misali daga yau na daina shan lemon kwalba sai ranar Juma'a, ko kuma bayan la'asar zan taka ƙafa minti 30. Guda ɗaya fa nace, ba wai ka jera goma a takarda ba, ka bar shinkafa ka bar biredi ka bar nama ka bar mai, to me zaka ci, iska?

Kafin ka fara ka san inda kake tsaye. Ka hau sikeli ka rubuta, kaje kemis ko asibiti a auna maka hawan jini da suga, in awon jinin yana kaiwa 140/90 ko sama to maganar likita ce ba maganar alwashi ba. Akwai kuma wani awo na kyauta da nafi so: ka samu igiya ka auna tsayinka daga ƙasa zuwa kai, ka naɗe ta gida biyu ta zama rabi, ka zagaya ta a cikinka wajen saitin cibiya, in ta haɗu to alhamdulillah, in bata haɗu ba to kitsen cikin yayi yawa, domin ƙa'idar ita ce zagayen ƙugu kada ya kai rabin tsayin mutum. Kuma kitsen ciki yana cikin manyan abubuwan da suke jawo ciwon suga da hawan jini, wannan tumbin da ake cewa alamar hutu ne ko kuɗi sun zauna.

To sai ina za'a fara ragewa? Ni inaga abin sha ne, don shine wanda bama lissafawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tace sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce wajen giram 50 a rana ga babban mutum, kusan ƙaramin cokali 12 kenan, kuma in an rage ƙasa da haka ma yafi. Robar lemo ɗaya ta rabin lita kaɗai zata iya cinye wannan kason gaba ɗaya, kaga ba'a zo maganar shayin mai shayi ba da yake zuba maka madara da sukari kamar yana jin haushinka, ba'a zo kan zoɓo da kunun aya da fura da aka narka wa sukari ba. Bance ka daina shayi ba, amma in cokali huɗu kake sa wa ka mayar uku, bayan sati biyu ka mayar biyu, harshe yana sabawa wallahi. Gishiri shima giram 5 ne a rana, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen da ake jefawa a miya shima gishiri ne cike da shi.

Tuwo ba maƙiyinka bane, yawansa ne. In malmala uku kake tashi da ita ka koma biyu ka ƙara miya da ganye, ga zogale ga rama ga kabeji duk suna cika ciki. Ai mun san hadisin nan na kasa ciki gida uku, ɗaya abinci ɗaya ruwa ɗaya numfashi, kowa ya haddace shi amma in aka ajiye tiren shinkafa sai a manta.

Motsa jiki kuma minti 150 ake so a sati, wato minti 30 sau biyar, tafiya da sauri ta wadatar. Kuma dan Allah duba lokaci, Janairu tsakiyar hunturu ne, sanyi ga hazo ga ƙura, wa zai bar bargo ya fita gudu ƙarfe shida? Shi yasa da yawa suke faɗuwa tun satin farko. Ka maida ita yamma, ko ka riƙa sauka daga adaidaita kafin a kai ka ƙofar gida ka ƙarasa da ƙafa, ko ka riƙa zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa. Mata da basa samun fita, tsakar gida ma ta isa a yi ta zagaye ko tsallen igiya in gwiwa lafiya lau.

Kada kayi gaggawa, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shine daidai, kuma mai kilo 100 in ya sauke 5 zuwa 10 kawai jininsa da sugansa zasu nuna bambanci. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Instagram ana cewa kilo goma a sati biyu, da yawansu filasko ne a ciki, gudawa kawai zai sa ka, ruwan jikinka ne yake fita kitsen yana nan daram. Haka 'yan'uwa mata masu alwashin ƙara ƙiba da su sha ka fashe, wasu ƙwayoyin nan kumbura jiki suke, su tayar da suga da hawan jini.

Ranar da ka karya fa? Zaka karya, za'a yi biki ko suna ka ci ka sha lemo biyu. Wani bincike da aka yi a wata jami'a a Landan ya gano sabon hali yana ɗaukar kwana 66 a matsakaici kafin ya zama jiki, wasu ma har fiye da wata takwas, kuma tsallake rana ɗaya bai rusa komai ba. Don haka washegari ka ɗora daga inda ka tsaya, kada kace shikenan sai baɗi. In ma Janairu ta kuɓuce maka ai ga azumi nan, ga Muharram, ga ranar Litinin mai zuwa. Sai dai azumin shima ayi hattara, mutum ya wuni bai ci ba ana kiran magariba ya zauna gaban ƙosai da soyayyen dankali da kunu da lemo mai sanyi, bayan tarawihi ya dawo ya bi da tuwo, ranar Sallah sai wandon da tela ya auna shi tun Sha'aban yaƙi rufuwa.