Fim ɗin fatalwa mai ban dariya: yadda za ku gane ko ya dace da yaranku

Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a Saudiyya a watan Afrilun 2018, iyayen Hausawa a Jidda da Riyad sun shiga wata sabuwar shawara: yaro ya ga hoton fatalwa fara sol tana murmushi a jikin allo, ya ce sai an kai shi. An ce na barkwanci ne. To amma dariyar da ke cikin irin wannan fim ba ta goge tsoron da ke cikinsa, musamman a wajen ƙaramin yaro.

A fara da alamar shekaru. A sinimomin Saudiyya za ku ga G, wato na kowa. PG, da rakiyar babba. PG12, wanda bai kai 12 ba sai da babba. Sai R15 da R18, waɗanda ba a barin wanda bai kai shekarun ba ya shiga. A gida kuwa, idan tsohon fim ne na Amurka, kada alamar PG ta ruɗe ku. Sai a watan Yulin 1984 aka ƙirƙiro PG-13, alamar da ke jan kunnen iyaye kan yara ƙasa da shekara 13, don haka fim ɗin Ghostbusters na farko, da ya fito a watan Yunin shekarar, PG aka ba shi duk da shan taba da zantukan manya da ke ciki.

Sai ku duba shekarun yaron da kanku, domin abin da ke firgita ɗan shekara 5 daban yake da na ɗan 10. Binciken Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin ya nuna cewa yara ƙasa da shekara 7 ko 8 siffa ce ke tsorata su: fuska mai muni, jajayen idanu, ko mutum ya rikiɗe ya zama wani abu nan take. Ko fatalwar mai kirki ce, yaron bai damu da halinta ba, kamanninta yake gani. Waɗanda suka girmi haka kuma abin da zai iya faruwa da gaske ne ke taɓa su, kamar mutuwar uwa ko ɓatan ƙane. Shi ya sa fim ɗin Casper na 1995, da ake ɗauka mai sauƙi, kan yi wa yaron da aka yi masa rasuwa kwanan nan nauyi: fatalwar yaro ne da ya mutu, yarinyar fim ɗin kuma ta rasa mahaifiyarta.

Tallan fim ba ya isa, wuraren dariya ake tarawa a ciki. Ku kalli minti 15 na farko ku kaɗai, sannan ku tsallaka zuwa minti 20 na ƙarshe, can ne ake sakin babban dodon. Sashen jagorar iyaye na IMDb, shafin bayanan fina-finai a intanet, da shafin Common Sense Media suna lissafa wuraren tsoro da zagi ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abin da waɗannan shafuka ba za su gaya muku ba. Bature kan ce wa ɗansa "babu fatalwa" magana ta ƙare. Yaronmu kuwa yana zuwa tahfizi, ya karanta Suratul Jinni, ya ji labarin masu ruƙiyya a bakin manya a falo. Idan kuka ce masa duk ƙarya ne, zai kama ku da saɓani, tsoron ya ƙaru. Ku raba masa biyun tun kafin a kunna: aljanu halittar Allah ne, ba sa iya cutar da kowa sai da izininsa, wanda ya rasu kuwa ba ya dawowa ya yi yawo a gida, fatalwar cikin fim kuwa da kwamfuta aka zana ta. In ya tambaya, "Umma, Kaka ma za ta dawo haka?", a ba shi amsa kai tsaye, a ce a'a, addu'a muke yi mata. Fim ɗin da ke nuna yadda ake kiran matattu da allon tsafi ko kyandir, ku ajiye shi, domin yara suna gwadawa.

Kallon farko a gida ya fi. A sinima duhu ne, sauti da ƙarfi, ba damar tsayarwa. In dole ne, ku sayi kujerar bakin hanya, ku shiga da niyyar fita ko da kuɗin tikiti zai tafi. A gida a zaɓi bayan La'asar ranar Juma'a ko Asabar, ba bayan Isha'i ba, a bar fitila a kunne, a rage sauti, domin sau da yawa razana daga kiɗa da ƙarar bazata take zuwa. Babba ya zauna da rimot a hannu. Da kun ga yaro ya daina cin gugguru, ya toshe kunne ko ya matso jikinku, ku tsayar, ku tambaye shi me ya gani. A kuma ja kunnen yayyensa, kada a ce masa matsoraci, kada a ɓuya bayan ƙofa a ba shi tsoro da dare.

Lokacin kwanciya a yi abin da aka saba: Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwa da Falaƙi da Nasi, a shafe jiki. Ƙin shiga banɗaki shi kaɗai na kwana biyu ko uku ba abin damuwa ba ne, a raka shi. Idan mugun mafarki ko fitsarin kwance ya dawo ya ɗauki makonni, a kai shi wurin likitan yara, a kuma sa lambar sirri a Netflix ko Shahid don kada ya sake cin karo da fim ɗin shi kaɗai.