Yadda ake shiga dojo kafin a fara atisayen judo

A Kodokan da ke Tokiyo, makarantar da Jigoro Kano ya kafa a 1882, kafin a koya maka kayar da abokin karawa sai ka iya shiga dojo, wato ɗakin atisaye, tukuna.

1. Yanke farce, ka cire zobe da agogo.

2. Sa rigar judo, ɓangaren hagu a kan na dama. Kada ka kuskura ka juya, domin a Japan gawa ake sa wa riga haka. Zagaya ɗamara sau biyu a ƙugu, ka ƙulla a gaba, bakunanta biyu su zo daidai.

3. Tuɓe silifas a bakin tabarmar tatami, ka ɗan rusuna kafin ka taka.

4. Sai zaman seiza, inda sababbin shiga ke jin jiki. Gwiwar hagu ce ke fara sauka, sannan ta dama. Shimfiɗa bayan ƙafafu, ka zauna kan dugadugai, gadon baya a miƙe. Ƙafa za ta sage, amma a hankali ake sabawa.

5. Da an ce "rei", wato umarnin a rusuna, dafa tabarma da tafin hannu biyu ka sunkuya. Goshi ba ya taɓa ƙasa, ana barin tazarar kamar santimita 30.

6. Wajen tashi, ƙafar dama ce ake fara ɗagawa.