Yadda zaka zuba littattafai a Kindle ba tare da wahala ba

In kai mai karanta nobel ne a waya har ido ya fara yaji, gwada Kindle, wato na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon, ko da na hannu ne. Allonsa kamar takarda yake, baya ƙyalli a rana, kuma caji ɗaya yana kai makonni, wannan kaɗai ya isa a garin da wuta sai an ga dama ake kawowa.

Matsalar ita ce PDF ɗin da ake turowa a WhatsApp, in ka saka shi haka rubutun zai fito ƙanana kamar tururuwa. To ka sauke manhajar Calibre a kwamfuta, kyauta ne, ka jefa fayil ɗin ciki ka juya shi zuwa EPUB, wato nau'in fayil na littattafan karantawa a na'ura, sannan ka tura ta Send to Kindle, hanyar Amazon ta tura fayil zuwa Kindle, nan zaka iya ƙara girman harafi yadda kake so. Amma fa in hoton shafuka aka ɗauka kar ka ɓata lokaci, bazai juyu ba.

Littafin makaranta mai jadawali kam gaskiya ni na takarda nake saya, ina son jan layi da biro ina naɗe gefen shafi.