Matakan neman tallafin gwamnati ga masu ƙananan sana'o'i a Abuja

'Yan kasuwar Wuse sun yi ta tambayata, to ga yadda ake yi:

1. Tanadi lambobinka na NIN da BVN. A kula: sunanka ya zama iri ɗaya a dukkansu, nan aka fi samun tangarɗa.
2. Yi rajistar sunan kasuwancinka a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa.
3. Buɗe asusun banki da sunan kasuwancin.
4. Yi rajista a shafin SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta ƙasa. Wanda ya ce ka biya shi ya saka ka cikin masu cin tallafi, ɗan damfara ne.
5. Riƙa rubuta cinikin kullum, masu ba da rance sukan duba.
6. Je ofishin Abuja Enterprise Agency, hukumar tallafa wa ƙananan sana'o'i a Abuja, ka tambayi shirin da ke buɗe.