Yadda ake jera gawayi a murhun gashi mai murfi, wuta ta daɗe ba ta mutu ba

Murhun gashin nan mai zagaye mai murfi, irin na Weber da ake tsinta a kayan gwanjo, ya fara shiga gidaje a Jos, amma yawancin masu shi tsire da balangu kawai suke yi a kai, a tula gawayi a tsakiya a fifita, minti arba'in an gama. Gaskiya ana cutar murhun. Wani Ba'amurke George Stephen ne ya ƙera shi a 1952, kuma duk sirrinsa a murfin yake, da shi za ka iya ɗora kafaɗar rago ko tozo ko ƙirjin sa su yi awa shida zuwa takwas cikin hayaƙi har naman ya riƙa salewa da hannu. Abin da ake so zafi ya tsaya tsakanin digiri 110 zuwa 130 a ma'aunin Celsius, kuma jerin gawayi ne ke kawo wannan, ba yawansa ba.

Ka fara da zazzage buhun a ƙasa ka ware. Nan ne aikin yake wallahi, don su can Amurka dunƙulallen gawayin kamfani suke amfani da shi duk girmansu ɗaya, mu kuwa namu na buhu wani kamar kututture wani gari. Ka tsinci matsakaita masu girman ƙwan kaza, manyan ka farfasa su, garin kuma ka ajiye wa kurfoti don toshe iska yake yi. In ka samu gawayin ƙirya kar ka yi wasa da shi, nauyi gare shi kuma yana daɗewa, shi ya sa maƙera ke nemansa. Wanda ka ɗaga ka ji shi fayau ba nauyi yanzu zai zama toka.

Sai jeri. A kan wayar ƙasa, wato ragar ƙarfen da gawayi ke zama a kai, ka bi jikin bangon murhun kana jera gawayi layi biyu, kowane ya jingina da na gabansa ya taɓa shi sosai, sannan ka ɗora layi na uku a samansu, ka zagaya har ka ci kashi uku cikin huɗu na da'irar ka tsaya. Wannan shi ake kira jerin maciji, wuta za ta kama daga kai ta riƙa tafiya a hankali har wutsiya, ko yaushe gawayi kaɗan ne ke ci. Kar ka haɗe kan da wutsiyar, in suka haɗu wuta ta bi ta gefe biyu zafi ya ninka shi ke nan. Kuma ka duƙa ka duba da idonka, duk inda ka ga rami tsakanin gawayi biyu ka cusa ƙarami a ciki, don a irin wannan giɓin ne wuta ke mutuwa kana can falo kana zaton komai lafiya.

Itacen hayaƙi gutsure uku ko huɗu ya isa, busasshen mangwaro ko gwaiba ko lemu, ka ɗora su a saman rabin farko na jerin da ɗan tazara. Ban da darbejiya da itacen turare da yake ko'ina a Jos, ɗaci suke sa wa nama, ban da katako mai fenti. A tsakiya ka sa tsohuwar silba da ruwan zafi, tana tare maiƙo tana kuma hana zafi hawa da sauka.

Ka kunna gawayi takwas zuwa goma daban, a gwangwanin da aka huhhuda ƙasansa da takarda a ƙarƙashi, don Allah ba kananzir ba leda ba, warinsu ba ya fita daga nama. In sun yi ja toka ta fara rufe su sai ka ɗauka da awartaki ka ɗora a farkon jerin, wato kan macijin. Mayar da wayar sama, rufe murfi, ƙofar iskar murfin ta kasance ɓangaren da nama zai zauna nesa da wuta yadda hayaƙi zai ratsa ta kansa kafin ya fita. Ƙofar iskar ƙasan murhun a buɗe duka, in zafi ya kusa 100 sai ka rage ta saura kamar kwata, ta sama ka bar ta a buɗe. Farin hayaƙi mai kauri na farko ka bari ya wuce, sai ya koma siriri mai ɗan shuɗi sannan ka sa nama.

Daga nan haƙuri ne. Ka taɓa ƙofar iska, ka ba ta kwata ɗin awa kafin ka sake taɓawa, kuma ka daina ɗaga murfi kana leƙe, duk ɗagawa iska ce kake ba gawayin. Bayan kowace awa biyu ka juya waya da murfin su bi wutar, nama ya ci gaba da zama nesa da ita, ka ɗan bubbuga ƙafar murhun toka ta zube.

Sanyin Jos kuma sai an yi masa lissafi. A Disamba da Janairu iskar hunturu na kwashe zafi ta jikin ƙarfen, to ka ƙara layi na huɗu a jerin ka kuma kai murhun bayan katanga inda iska ba ta bugunsa. Amma a waje fa, kar sanyi ya sa ka shigar da shi kicin ko gareji, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

In zafin cikin naman ya kai wajen 65 zuwa 70 zai tsaya cak kamar wutar ta mutu, ba ta mutu ba, ruwan jikinsa ne ke fita yana sanyaya shi. Ka naɗe shi a foyil ka mayar, sai ya kai 90 zuwa 95 tsinke na shiga ba turjiya, ka sauke ka bar shi a naɗe ya huta awa ɗaya. Gishiri da masoro da citta tun farko ake shafa su, yajin ƙuli kuwa sai an yanka za a barbaɗa.