Yadda Ake Gane Motar da Ta Taɓa Haɗari Kafin a Saya a Abuja

Yawancin motocin tokumbo da ake jerawa a bakin titin Kubwa daga Amurka suke fitowa, kuma wasunsu an sayo su ne a gwanjon Copart, kamfanin da ke gwanjon motocin da suka lalace, bayan sun yi haɗari, aka gyara, aka shafe da fenti, sannan dillali ya tsawwala kuɗi kamar ba su taɓa ko ƙwarzane ba.

Kafin ciniki, kwafi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, ka tabbatar ta yi daidai da ta jikin ƙofar direba da ta takardun kwastan, sannan ka bincika ta a Carfax, shafin da ke ba da tarihin mota, ko a Google, domin sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna nan a intanet.

Duba motar da rana tsaka. Ɗora maganaɗisu a jikin ƙofofi. Inda ya ƙi kamawa, wataƙila an cike wurin ne aka rufe da fenti. Idan ka murɗa makulli, wajibi ne fitilar jakar iska (airbag) da ke gaban direba ta kama sannan ta mutu, domin wasu masu gyara cire ƙwan fitilar suke yi don ɓoye matsalar jakar.

Bakanike kuwa, ka taho da naka daga Apo, matattarar makanikai a Abuja, ba wanda dillali ya kawo ba.